Shari'ar 'yan Nazi ta zo ƙarshe: Wa ya ɓoye manyan masu laifin?

A ranar 14 ga watan Janairun 2025 wata tsohuwa Bajamushiya mai suna Irmgard Furchner ta mutu tana da shekara 99 a duniya, kuma bisa ga dukkan alamu da mutuwarta aka rufe babin shari'ar waɗanda suka yi wa Yahudawan Turai kisan ƙare dangi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ita dai wannan mata akawu ce mai buga tafireta a ofishin kwamandan sansanin gwale-gwale na Stutthof, kusa da birnin Gdansk na ƙasar Poland ta yanzu, daga watan Yunin 1943 zuwa Afrilun 1945, tana budurwa 'yar shekara 18 zuwa 19. Kimanin mutum 65,000 ne suka hallaka a wannan sansani. A watan Disamban 2022 wata kotu a garin Itzehoe ta same ta da laifin taimakawa wajen kisan mutum 10,505, ta yanke mata ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka, sannan a watan Agustan 2024 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Jamus ta tabbatar da hukuncin. Ranar da aka shirya fara shari'ar ma, a watan Satumban 2021, tsohuwar ta hau tasi ta gudu daga gidan kula da tsofaffi, sai bayan 'yan sa'o'i 'yan sanda suka kamo ta.

Duk wanda yake ɗan shekara 17 a 1945 ya haura 95 a yau, saboda haka da wuya a ƙara ganin wani daga cikinsu a gaban alƙali. Abin tambaya a nan shi ne, yaya aka yi farautar da aka fara da manyan janar-janar da ministoci ta ƙare a kan mai buga tafireta? Maigidanta, kwamandan sansanin, Paul-Werner Hoppe, ɗaurin shekara tara kacal aka yi masa a 1957, ya fito ya ci gaba da harkokinsa har ya mutu a 1974. Ita kanta Furchner ta ba da shaida tun a shekarun 1950, wato hukuma ta san ta, ta san aikin da ta yi, amma sai da aka kusa shekara saba'in kafin a tuhume ta. Fina-finai sun saba nuna mana waɗannan mutane a matsayin shaiɗanu masu dabara da suka shige dazuzzukan Kudancin Amurka suka ɓace. Mu a namu nazarin, mafi yawansu ɓoye su aka yi, kuma masu ɓoyon su ne gwamnatoci da hukumomin leƙen asiri da, abin mamaki, kotuna.

Idan mai karatu bai manta ba, gwamnatin Hitila da 'yan korenta sun kashe Yahudawa kimanin miliyan shida tsakanin 1941 da 1945, wasu da harsashi a bakin ramuka a Yukiren da Lithuania, wasu da iskar gas mai guba a sansanoni irin su Auschwitz da Treblinka da Sobibor, ban da 'yan ƙabilar Roma da naƙasassu da fursunonin yaƙin Sobiyet. Da aka gama yaƙi, ƙasashen da suka yi nasara sun gurfanar da manyan shugabanni 22 a birnin Nuremberg, a watan Oktoban 1946 aka yanke wa 12 hukuncin kisa, aka sallami uku. Poland ta rataye kwamandan Auschwitz, Rudolf Hoess, a cikin sansanin nasa a 1947. To sai dai wannan zafi bai daɗe ba. Yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya kankama, abokin gabar jiya ya zama abokin aikin yau, duk wanda ya san sirrin 'yan gurguzu ya zama mai daraja ko da hannunsa jina-jina ne.

Hanyar tserewa kuwa ba ta da wani sarƙaƙiya. Mutum ya tsallaka tsaunuka daga Ostiriya ya shiga Italiya, ya samu wani limamin coci ya shaide shi da sunan ƙarya, ya karɓi takardar tafiya ta 'yan gudun hijira daga ƙungiyar agaji ta Red Cross, ya hau jirgin ruwa a Genoa. Wani bishop ɗan Ostiriya da ke zaune a birnin Rum, Alois Hudal, ya yi ƙaurin suna a wannan aiki, a can ɗaya gefen tekun kuma gwamnatin Juan Peron ta Ajantina ta buɗe ƙofa. Ta hannun Hudal Franz Stangl ya bi, kwamandan Treblinka inda aka kashe mutum fiye da 800,000. Ya fara sauka a Siriya, a 1951 ya wuce Burazil, ya samu aiki a kamfanin motoci na Volkswagen da sunansa na yanka, har ya yi rajista a ƙaramin ofishin jakadancin Ostiriya da ke Sao Paulo da wannan suna. Sai a 1967 aka kama shi, bayan Simon Wiesenthal, wani Bayahude da ya tsira daga sansanin Mauthausen ya kuma sadaukar da rayuwarsa ga wannan farauta daga ɗan ƙaramin ofishinsa a Vienna, ya bi sawunsa. Kotu a Dusseldorf ta yi masa ɗaurin rai-da-rai a Disamban 1970, ya mutu a kurkuku bayan wata shida.

Josef Mengele, likitan Auschwitz da ya riƙa yin gwaje-gwaje a jikin yara tagwaye, ya shiga Ajantina a 1949 da sunan Helmut Gregor, amma a 1956 hankalinsa ya kwanta har ya je ofishin jakadancin Jamus ta Yamma a Buenos Aires ya nemi takardu da sunansa na gaskiya, aka ba shi. Da aka nemi a miƙa shi a 1959, Ajantina ta yi ta jan ƙafa har ya tsallaka Paraguay, daga nan Burazil, inda ya nutse a teku yana iyo a 1979. Duniya ta ci gaba da nemansa shekara shida bayan an binne shi. Erich Priebke, wanda ke da hannu a harbe mutum 335 a wasu koguna a wajen birnin Rum a 1944, cikinsu har da Yahudawa fiye da saba'in, ya shafe shekara arba'in da ɗoriya a garin Bariloche da sunansa, sananne ne a makarantar Jamusawan garin. Ɗan jaridar talabijin daga Amurka ne ya tare shi a titi a 1994 ya tambaye shi, shi kuma ya amsa. Italiya ta yanke masa rai-da-rai a 1998, ya yi zaman ɗaurin talala a gida, ya mutu a 2013 yana da shekara ɗari cif.

Labarin Adolf Eichmann ya fi kowanne nuna inda gizo ke saƙa. Shi ne jami'in da ke tsara jiragen ƙasan da ke kwasar Yahudawa daga ko'ina a Turai zuwa mahallaka, shi ya rubuta bayanan taron Wannsee na Janairun 1942, shi ya jagoranci kwashe Yahudawan Hungary kimanin 437,000 cikin ƙasa da wata biyu a 1944. Ya gudu daga hannun sojojin Amurka a 1946, ya yi aikin sarar itace da kiwon kaji a arewacin Jamus, a 1950 ya isa Ajantina da sunan Ricardo Klement. Matarsa da 'ya'yansa sun bi shi a 1952, kuma yaran ba su ko canza sunan Eichmann ba. Wanda ya gano shi wani makaho ne, Lothar Hermann, ɗan gudun hijira daga Jamus wanda 'yarsa ta yi abota da babban ɗan Eichmann. A 1957 ya aika wa babban mai gabatar da ƙara na jihar Hesse, Fritz Bauer, da labarin.

Abin da Bauer ya yi da wannan wasiƙa ya isa sharhi shi kaɗai. Babban jami'in shari'a ne na Jamus ta Yamma, yana da ikon neman a miƙa mai laifi, amma bai kai maganar ga gwamnatinsa ba, sai ya kai wa Isra'ila a asirce, domin ya tabbata idan takarda ta ratsa ta ma'aikatar shari'a ko ta harkokin waje, kafin ta isa Buenos Aires wani tsohon abokin aiki ya riga ya yi wa Eichmann raɗa. Tsoron nasa ba na banza ba ne. Takardun da aka buɗe daga baya sun nuna cewa tun 1952 hukumar leƙen asirin Jamus ta Yamma na da labarin yana Ajantina da suna mai kama da Klement, a 1958 kuma ta shaida wa hukumar CIA ta Amurka, babu wanda ya motsa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne Hans Globke, shugaban ma'aikatan fadar shugaban gwamnati Konrad Adenauer, mutumin da ya taimaka wajen rubuta sharhin dokokin wariyar Yahudawa na 1935. Idan Eichmann ya buɗe baki a kotu, wa ya san sunan da zai faɗo? Su ma Isra'ilawa da farko ba su ɗauki abin da zafi ba. Wanda suka aika ya duba ya ga gidan talaka ne, ya ce babban jami'i ba zai zauna a nan ba. Sai da Bauer ya je da kansa a ƙarshen 1959 da sabuwar shaida kafin hukumar Mossad ta tashi.

A ranar 11 ga Mayun 1960 jami'anta suka cafke shi yana dawowa daga aiki a kamfanin Mercedes-Benz, suka fitar da shi daga ƙasar a jirgin sama ba da sanin hukuma ba. Ajantina ta kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kwamitin kuma a ƙuduri mai lamba 138 ya amince cewa an keta mata 'yanci. Gaskiya ne an keta, kuma ba ma fatan sace mutum daga wata ƙasa ya zama al'ada, don masu ƙarfi ne kaɗai ke iya yin sa, kuma ba kullum a kan irin su Eichmann suke yi ba. Amma abin da ya biyo baya shari'a ce a bainar jama'a a Birnin Ƙudus, daga Afrilun 1961, da lauya mai kare shi daga Jamus, da shaidu fiye da ɗari, da ɗaukaka ƙara, kafin a rataye shi a daren 31 ga Mayun 1962. A kwatanta da Herberts Cukurs, matuƙin jirgin sama ɗan Latvia da ake zargi da hannu a kisan Yahudawan birnin Riga, wanda Mossad ta yaudara zuwa Uruguay ta kashe a 1965 ba tare da shari'a ba. Tun da babu hukuncin kotu, bayan shekaru sai ga wasu a Latvia suna neman wanke shi su mai da shi gwarzo. Babu mai hankalin da ya gwada yi wa Eichmann haka.

A wajen Klaus Barbie kuwa, mai ɓoyon ya amsa laifinsa da bakinsa. Barbie shi ne shugaban 'yan sandan asiri na Gestapo a birnin Lyon na Faransa, shi ya azabtar da jagoran 'yan gwagwarmaya Jean Moulin a 1943, a ranar 6 ga Afrilun 1944 kuma mutanensa suka kai samame wani gidan yara a ƙauyen Izieu suka kwashe yara Yahudawa 44 da manya bakwai masu kula da su. Ƙaramin cikin yaran ɗan shekara huɗu ne. Ko ɗaya daga cikinsu bai dawo ba. Daga 1947 rundunar leƙen asirin sojojin Amurka ta ɗauki Barbie aiki, da Faransa ta matsa a ba ta shi sai suka ce ba su san inda yake ba, a 1951 suka shirya masa takardu da sunan Klaus Altmann suka sulale da shi Bolibiya. A can ya zama ɗan ƙasa, ɗan kasuwa, mai ba gwamnatocin soja shawara kan yadda ake tatsar bayani daga fursuna.

Miji da mata ne suka tona shi, Serge Klarsfeld, lauya Bafaranshe da aka kashe mahaifinsa a Auschwitz, da matarsa Beate, Bajamushiya, wadda ta taɓa shararawa shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Kurt Kiesinger mari a bainar jama'a a 1968 saboda tsohon ɗan jam'iyyar Nazi ne. A 1972 Beate ta je birnin La Paz tare da wata uwa da 'ya'yanta mata biyu ke cikin yaran Izieu, suka ɗaure kansu da sarƙa a jikin benci a gaban ofishin Barbie. Duk duniya ta san waye Altmann daga ranar, amma kotun ƙolin Bolibiya ta ƙi miƙa shi, ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana shan gahawarsa. Abin da ya canza gwamnati ce: a ƙarshen 1982 sojoji sun sauka, farar hula ƙarƙashin Hernan Siles Zuazo suka hau, a farkon 1983 aka tasa ƙeyarsa. A wannan shekara ma'aikatar shari'ar Amurka ta fitar da rahoton bincike, gwamnatin ƙasar ta nemi afuwar Faransa a rubuce. An yi shari'arsa a Lyon a 1987, kuma babbar shaidar da ta kama shi ita ce saƙon waya mai ɗauke da sunansa da ya aika Paris yana ba da rahoton kwashe yaran. Ya samu rai-da-rai, ya mutu a tsare a 1991.

A wannan shari'a aka yi wata muhawara da ta shafe mu. Lauyan Barbie, Jacques Verges, ya zo da abokan aiki biyu, Jean-Martin Mbemba ɗan Kwango da Nabil Bouaita ɗan Aljeriya, suka ce Faransa ba ta da bakin hukunta kowa, tun da ita ma ta yi kisa da azabtarwa a Aljeriya da Madagaska da sauran ƙasashen da ta mallaka. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Mutanen da suka san abin da ayarin Voulet da Chanoine ya aikata a Birnin Ƙonni a 1899 ba sa buƙatar lauya ya tuna musu halin Turawan mulkin mallaka. Kuma tarihi ya ba Verges hujja a jikin mutum guda, Maurice Papon. Shi ne babban sakataren lardin Gironde da ya sa hannu a takardun kwashe Yahudawa kimanin 1,600 daga Bordeaux tsakanin 1942 da 1944, shi ne kuma shugaban 'yan sandan Paris a daren 17 ga Oktoban 1961, lokacin da aka kashe 'yan Aljeriya masu zanga-zanga aka watsa gawarwaki a kogin Seine. Ya kai har muƙamin ministan kasafin kuɗi. A 1998 aka yi masa ɗaurin shekara goma kan laifin farko, aka sake shi a 2002 saboda rashin lafiya. Kan na biyu kuwa babu wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali, domin dokokin afuwa sun rufe duk abin da ya shafi yaƙin Aljeriya, kotun ƙolin Faransa kuma ta yanke a 1993 cewa dokar 1964 da ta ce laifin cin zarafin bil'adama ba ya tsufa ta shafi Jamus da ƙawayenta ne kawai.

Duk da haka ba mu yarda da inda Verges ya nufa ba. Ƙorafinsa hujja ce ta a ƙara yawan shari'u, a gurfanar da mai laifin Aljeriya kamar yadda aka gurfanar da na Lyon. Shi kuwa ya yi amfani da shi ne don a saki wanda ya aika yara 44 mahallaka, kamar dai yaran Izieu ne suka mallaki Aljeriya.

Ba Turai da Amurka kaɗai ke da kashi a gindi ba. Alois Brunner, na hannun daman Eichmann, wanda ya kwashe Yahudawa fiye da dubu ɗari daga Vienna da Salonika da Paris da Slovakia, ya zauna a Damaskus da sunan Georg Fischer tun shekarun 1950. Faransa ta yanke masa hukunci a bayan idonsa a 1954 da 2001, wasiƙu masu bam sun cire masa ido ɗaya da yatsu, gwamnatin Siriya ta dage cewa ba ta san shi ba, ya mutu a can. Aribert Heim, likitan Mauthausen, ya mutu a Alƙahira a 1992, sai a 2009 aka gano haka. Ingila ta yi dokar laifukan yaƙi a 1991, mutum ɗaya tak ta taɓa ɗaurewa da ita, Anthony Sawoniuk, a 1999. Ostiriya, mahaifar Hitila da Stangl da Brunner, rabonta da kammala irin wannan shari'a tun 1975, ita ma sallama aka yi.

Amma mafakar da ta fi kowace girma ba a ƙetare take ba. Galibin masu kisan ba su je ko'ina ba, gida suka koma suka zama 'yan sanda da likitoci da malaman makaranta. Shari'ar garin Ulm ta 1958, wadda ta farkar da Jamus ta Yamma, ta taso ne saboda wani tsohon shugaban 'yan sanda da ya yi harbin Yahudawa a kan iyakar Lithuania ya kai gwamnati ƙara yana neman a mayar da shi bakin aikinsa. Bayanta aka kafa ofishin bincike na musamman a garin Ludwigsburg a Disamban 1958. To amma ofishin bincike kawai yake yi, alƙalai ke yanke hukunci, kuma yawancin alƙalan sun yi aiki a ƙarƙashin Hitila. Wani bincike da ma'aikatar shari'ar Jamus ta sa aka yi a kanta, aka fitar a 2016, ya gano cewa a 1957 kashi 77 cikin ɗari na manyan jami'anta tsofaffin 'yan jam'iyyar Nazi ne. Kotuna suka ƙirƙiro fassarar cewa Hitila da Himmler da Heydrich, waɗanda duk sun mutu, su ne masu kisa, sauran mataimaka ne. Da wannan fassara Otto Bradfisch, kwamandan wata rundunar harbi, ya samu shekara goma a 1961 kan mutum 15,000.

Bauer ya yi ƙoƙarin karya wannan katanga a shari'ar Auschwitz da aka yi a Frankfurt daga 1963 zuwa 1965. Hujjarsa ita ce sansanin masana'antar kisa ce guda ɗaya, duk wanda ya yi aiki a cikinta yana sane da abin da ake yi, daga mai gadi zuwa mai riƙe littafi, ya taimaka wajen kisan. Kotu ba ta karɓa ba: shida suka samu rai-da-rai, uku aka sallama, a 1969 kuma babbar kotun ɗaukaka ƙara ta ce dole a nuna takamaiman abin da kowane mutum ya aikata. Ina za a samo shaida, alhali waɗanda suka gani da idonsu su ne aka mayar toka? Bugu da ƙari, a 1968 aka shigar da wani ɗan gyara cikin wata doka da ta shafi ƙananan laifuka, gyaran ya sa wa'adin tuhumar mataimaka da yawa ya zama ya riga ya wuce, babbar shari'ar da ake shiryawa a Berlin kan jami'an hedikwatar tsaron Nazi, masu ba da umarni daga kan tebur, ta rushe. Jami'in da ke kula da sashen dokar laifuka a ma'aikatar, Eduard Dreher, tsohon mai gabatar da ƙara ne a kotun musamman ta Nazi a Innsbruck. Har yau masana na gardama ko kuskure ne ko da gangan. Sakamakon dai shi ne, daga mutum kimanin 170,000 da aka bincika tsakanin 1945 da 2005, waɗanda aka samu da laifi ba su kai 7,000 ba, mafi yawansu kuma ba kan kisa ba.

Wanda ya zama sanadin juyin kuwa ƙaramin kifi ne. John Demjanjuk ɗan Yukiren ne, sojan Sobiyet da Jamusawa suka kama suka mai da shi mai gadi, bayan yaƙi ya shiga Amurka a 1952 ya zama ma'aikacin kamfanin Ford a Cleveland. Amurka ta ƙwace masa takardar zama ɗan ƙasa, ta miƙa shi ga Isra'ila a 1986, a 1988 aka yanke masa hukuncin kisa a matsayin wani azzalumin mai gadi na Treblinka da ake wa laƙabi da Ivan Mugu. Waɗanda suka tsira sun nuna shi a kotu suna kuka, sun rantse shi ne. Ashe ba shi ba ne. Takardun da suka fito bayan rushewar Tarayyar Sobiyet sun nuna wani mutum dabam, Ivan Marchenko, a 1993 kotun ƙolin Isra'ila ta soke hukuncin ta sallame shi. Wannan ya cancanci yabo ga kotun, ya kuma nuna haɗarin dogara da tunanin shaida bayan shekara arba'in.

Sai dai akwai katin shaidar aiki da ya nuna an tura Demjanjuk sansanin Sobibor a 1943. Wani lauya a ofishin Ludwigsburg, Thomas Walther, ya farfaɗo da hujjar Bauer: a Sobibor babu wani aiki sai kisa, jirgi ya iso da safe, kafin yamma an gama da mutanen cikinsa, don haka zama mai gadi a wurin ya isa laifi. A watan Mayun 2011 kotu a Munich ta amince, ta same shi da laifin taimakawa wajen kisan mutum 28,060, ta yi masa ɗaurin shekara biyar. Ya mutu a 2012 kafin a saurari ɗaukaka ƙararsa. Mai karatu ya lura, babu wata sabuwar doka da majalisa ta yi, tsohuwar dokar ce aka karanta da sabon ido, ma'ana abin da aka yi a 2011 ana iya yin sa a 1965, lokacin da dubban masu gadin ke da ƙarfinsu. Daga nan aka bi 'yan tsirarun da suka rage. Oskar Groening, mai ƙirga kuɗin da aka ƙwace daga waɗanda aka kawo Auschwitz, wanda masu gabatar da ƙara suka rufe fayil ɗinsa a 1985, ya samu shekara huɗu a 2015 kan mutum 300,000, ya mutu a 2018 bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba. Josef Schuetz ya ji hukuncinsa a 2022 yana da shekara 101. Wani kuma, Bruno Dey, a kotun yara aka yi masa shari'a yana da shekara 93, saboda ɗan shekara 17 ne lokacin da ya fara gadi.

Wasu na cewa wannan ihu ne bayan hari, an bar jaki ana dukan taiki. Rabin maganar gaskiya ce. Muna ganin shari'un sun halatta, domin tsufa ba ya wanke jini, tsofaffin da suka zo daga Isra'ila da Amurka da Poland suka ba da shaida su ma shekarun nasu ke nan, kuma hukuncin da aka tabbatar a kan Furchner ya kafa ƙa'idar da za ta yi aiki a kan na gaba: wanda ya buga takardar umarni yana kallon hayaƙin gawa ta taga ba zai ce shi akawu ne kawai ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗauki waɗannan shari'u a matsayin shaidar cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A nan jifa da yawa ba su faɗo ba, masu tare su kuma sun yi ritaya da fansho.

Wannan hali bai mutu tare da 'yan Nazi ba. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke birnin Hague ta gaji ƙa'idojin Nuremberg, amma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Ta ba da sammacin kama Umar al-Bashir na Sudan a 2009, ya je Chadi a 2010 da Najeriya a 2013 da Afirka ta Kudu a 2015, dukkansu 'yan kotun, ya dawo gida lafiya. Vladimir Putin ya je Mongoliya a 2024 da sammaci a kansa, Benjamin Netanyahu ya je Hungary a 2025 da nasa. Felicien Kabuga, wanda ake zargi da ɗaukar nauyin kisan ƙare dangin Ruwanda na 1994, sai a 2020 aka kama shi a wani gida a gefen birnin Paris, a 2023 alƙalai suka ce ƙwaƙwalwarsa ta tsufa, ba za a iya ci gaba da shari'arsa ba.

Inda aka yi nasara a nahiyarmu, hanyar su Klarsfeld aka bi. Hissene Habre ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990, ya gudu Senegal ya zauna a Dakar a sarari, kowa ya san gidansa. Waɗanda suka sha azaba a kurkukunsa, irin su Souleymane Guengueng, da lauyarsu Jacqueline Moudeina, su suka riƙa tattara sunaye, a 2001 kuma aka tsinci dubban takardun hukumar 'yan sandan asirinsa ta DDS a warwatse a tsohuwar hedikwatarta a Njamena, da sunayen waɗanda aka tsare da waɗanda suka mutu. Kotunan Senegal sun ce ba su da hurumi, Beljiyam ta nemi a miƙa mata shi a 2005, gwamnatin Abdoulaye Wade ta yi ta ɗage magana, har kotun duniya ta yanke a Yulin 2012 cewa ko Senegal ta yi masa shari'a ko ta miƙa shi. A wannan shekara Macky Sall ya hau mulki, aka kafa kotu ta musamman tare da Tarayyar Afirka, a ranar 30 ga Mayun 2016 ta yanke masa ɗaurin rai-da-rai, shekara 25 da rabi bayan ya tsallaka iyaka. Ya mutu a Dakar a watan Agustan 2021 yana cikin wa'adinsa.